Ɗakin haihuwa ko tsangayar jami'a: wace hanya likitan mata zai bi a Maraɗi?

Da zarar sababbin likitoci sun kare kundinsu sun yi rantsuwa, tambaya ɗaya ce ke yawo tsakanin waɗanda zuciyarsu ta karkata ga aikin mata da haihuwa. Shin mutum ya ƙware ya tsaya a asibiti, hannunsa cikin safar roba har ritaya, ko kuwa ya shiga jami'a, ya haɗa duba marasa lafiya da koyarwa da bincike, wata rana a wayi gari shi ne shugaban tsangayar likitanci? Da can tambayar 'yan Yamai ce. Tun da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta buɗe tsangayar kimiyyar lafiya a Maraɗi, tambayar ta zama tamu, kuma ƙannenmu na yin ta da gaske.

Gindin hanyoyin biyu guda ne. Bayan bakaloreya akwai shekara bakwai zuwa takwas na karatun likita, sannan shekara huɗu na ƙwarewa, abin da ake kira DES, a fannin cututtukan mata da haihuwa. Da yawa daga cikin namu a Yamai suke yin sa, ƙarƙashin Jami'ar Abdu Mumuni, suna kwana a asibitin haihuwa na Isaka Gazobi. Wasu kan tafi Dakar ko Abijan ko Kwatano ko Wagadugu. A wannan matakin babu zaɓi kuma babu ratse. Wanda bai iya ciro jariri da ƙarfe uku na dare ba, ba shi da abin koyarwa, ba shi kuma da tambayar da ta isa a bincika. Rabuwar hanya sai bayan an karɓi takardar ƙwarewa.

Kafin a auna su, a duba ƙasar da za a yi aikin. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2012 ya nuna mace a Nijar na haihuwar yara 7.6 a matsakaici, a jihar Maraɗi kuwa an haura 8. A binciken nan aka ƙiyasta mata 535 ke rasuwa cikin kowace haihuwa 100,000. A lokacin, kusan uku cikin huɗu na 'yan matan ƙasar ana yi musu aure kafin shekara 18, kuma Maraɗi na sahun gaba. An samu sauƙi daga baya, don binciken 2021 ya sauko da adadin haihuwa zuwa 6.2, amma duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin naƙuda a garin nan ya san gado ba ya hucewa. Likitan mata a Maraɗi ba zai taɓa rasa aiki ba, ko wace hanya ya bi. Abin dubawa shi ne wane irin aiki ne zai cinye masa shekara talatin.

Mu fara da asibiti, tunda shi kowa ya fi sani. A ɗauki dare guda. Motar asibiti ta iso daga wajen Dakoro, tafiyar fiye da kilomita 100, da yarinya 'yar shekara goma sha shida, cikin fari. Kwana biyu tana naƙuda a ɗakin uwarta, don goyon ciki ta je. An ɗora ta a amalanke zuwa ƙaramin asibitin ƙauye, majo, babban ma'aikacin jinya na wurin, ya duba ya ga kan ɗa ya ƙi saukowa, ya rubuta takardar turawa, aka ɓata rabin yini ana haɗa kuɗin mai. Yanzu ga ta, leɓe ya bushe, ido ya yi fari, fitsarin da ya fito ta roba jajawur.

"Tanti, akwai jini?"

"Likita, babu irin nata a firji. Sai an nemo 'yan'uwa."

Likita ya fita baranda, inda tsohuwa ke zaune kan tabarma da buta da ƙullin zannuwa.

"Inna, sannu. Sai an yi mata aiki yanzu-yanzu. Ina maigidanta?"

"Ya tafi ci-rani, ɗan nan. Sai dai a kira wansa."

Minti arba'in ke nan sun tafi wajen neman wan miji a waya. Aikin ciro jariri kyauta ne a asibitocin gwamnatin Nijar tun 2005, amma kyauta a takarda ba ta hana a rasa zaren ɗinki ko ruwan ƙari a daren da ake bukatarsu, musamman idan kuɗin da gwamnati ke mayar wa asibitoci sun makara. Da asuba an fito. Uwa ta rayu, ɗa bai zo da rai ba, kuma sai an jira kwanaki kafin a san ko matsewar da kan ɗan ya yi wa mafitsara za ta bar ta da yoyon fitsari.

Wannan shi ne aikin, kuma yana da daɗin da jami'a ba ta da irinsa. Sakamako a hannu yake: mace ta shigo rai a hannun Allah, bayan mako ta fita da ƙafarta. Hannu na gogewa da sauri, don abin da likitan Turai zai gani sau ɗaya a shekara goma, kamar fashewar mahaifa, a nan abin yau da gobe ne. Suna kuma na tafiya. Likitan mata mai hannu da haƙuri, kafin shekara biyar an san shi daga Tasawa har Gidan Rumji, har mutanen Jibiya na tsallakowa. Ga 'yanci: yana iya neman a kai shi asibitin gunduma inda shi ne wuƙa shi ne nama, yana iya zama a cibiyar uwa da yaro ko babban asibiti a cikin gari, yana iya buɗe kilinik ya riƙa duba mata da yamma. Wanda ya so zurfafawa a fiɗa ma ba sai ya yi nisa ba. A Danja, kudu da gari kaɗan, akwai cibiyar gyaran yoyon fitsari da aka buɗe a 2012, ga kuma Babbar Ruga a Katsina, inda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya shafe shekaru da dama yana ɗinke mata yana horar da likitoci.

Farashinta jiki ne. Kwanan asibiti ba ya ƙarewa da samun girma idan ƙwararru ba su wuce a ƙirga su da yatsu ba. Baya na ciwo, ido na raguwa, waya ba ta mutuwa ko ranar Salla. Akwai kuma wata gajiya wadda ba ta jiki ba, wadda manyan likitoci kan ambata in hira ta yi nisa: yarinyar daren jiya za ta sake zuwa gobe da wani suna daga wani ƙauye, kuma hannunka, komai gwanintarsa, bai isa ya taɓa dalilin zuwanta ba.

Daga nan hanya ta biyu ke samun hujjarta, kuma misalinta mafi kusa da mu a ƙasar Hausa ya faru. Farfesa Kelsey Harrison, likitan mata da haihuwa, mutumin Abonnema ne, can kudancin Najeriya. A Ibadan ya fara, yana nazarin tsananin ƙarancin jini ga mai ciki da yadda za a ƙara mata jini ba tare da zuciyarta ta gaza ba. Da ya koma Zariya, shi da abokan aikinsa suka rubuta bayanin kowace haihuwa da aka yi a asibiti tsakanin 1976 da 1979, ɗaya bayan ɗaya ba tsallake, har haihuwa 22,774. Sai a 1985 aka buga sakamakon. Ba wata na'ura ya ƙirƙiro ba, lissafi ya yi. Lissafin ya nuna waɗanda suka fi mutuwa su ne matan da ba su taɓa zuwa awon ciki ba, waɗanda sai abu ya ɓaci ake kawo su, da ƙananan 'yan mata, da waɗanda suka yi haihuwa da yawa, kuma rashin karatu na bin kusan dukkansu. Ya kuma gano abin da ya ba mutane mamaki: 'yan mata masu cikin fari da ba su gama girma ba, idan aka ba su maganin zazzaɓin cizon sauro da na ƙarin jini, suna ƙara tsawo suna cikin goyon cikin. Aikin nan na cikin abubuwan da suka zaburar da duniya kafin taron Nairobi na 1987 kan kare rayukan mata wajen haihuwa. Shi kuwa daga baya ya shugabanci Jami'ar Fatakwal daga 1989 zuwa 1992.

A lura da tazarar. An fara rubutu 1976, aka buga 1985. Shekara tara. Wanda ke son ya ga amfanin aikinsa kafin ya cire safar hannu, wannan kaɗai ya isa ya sa shi sake tunani.

Sai dai kusan duk abin da likitan asibiti ke ceton rai da shi a daren yau, wani ne ya zauna ya ƙirga. Allurar magniziyam da ake yi wa mai jijjiga ta zauna daram ne bayan manyan gwaje-gwaje, ciki har da na 2002 da ya haɗa mata kusan 10,000 a ƙasashe 33, ya nuna tana rage haɗarin jijjiga da fiye da rabi. Gwajin da aka buga a 2017 kan mata 20,000 ya nuna allurar taranekzamik, idan aka yi ta cikin awa uku da haihuwa, tana rage mutuwa ta zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku. A 2023 aka fitar da sakamakon wani gwaji kan zubar jini bayan haihuwa mai suna E-MOTIVE, wanda aka yi a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu. Dabarar mai sauƙi ce: a shimfiɗa wa mai haihuwa leda mai aljihu mai ma'auni, jinin ya taru a ciki a riƙa karantawa maimakon a ƙiyasta da ido a zane, da ya kai mililita 500 a haɗa magunguna duka a lokaci guda, ba ɗaya bayan ɗaya ba. Munanan sakamakon zubar jini suka ragu da kashi 60 cikin 100. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero a Kano ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya. Mu ma a nan gida ba 'yan kallo ba ne: mujallar Lancet Global Health ta buga a 2023 sakamakon bibiyar wata 72 a asibitocin Nijar, haihuwa fiye da miliyan guda, inda aka bi tsari mai hawa uku, ƙwayar mizoforostol, sai balan-balan da ake hurawa cikin mahaifa ta danne jini, sai rigar matse jiki da ke tsare mace har a kai ta inda za a yi mata aiki. Mutuwa ta zubar jini ta ragu da fiye da rabi.

Hannun likita guda yana kai wa ga matan da suka iso gabansa. Tsari guda da aka tabbatar yana kai wa ga ungozomar asibitin ƙauyen da likitan bai taɓa takawa ba. Wannan shi ne babban abin da hanyar bincike ta fi da shi, kuma ban ga yadda za a yi gardama a kansa ba.

Kada kuma a ce bincike sai Yamai. Cibiyar Epicentre, reshen bincike na ƙungiyar likitocin MSF, tana da mazauni a Maraɗi, kuma a Madarunfa aka gwada rigakafin gudawar yara mai jure zafi a kan jarirai kusan 3,500, aka buga sakamakon a 2017, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da rigakafin a 2018. Wato akwai mutanen garin nan da suka san yadda ake neman yardar mai shiga bincike da Hausa, da yadda ake bin gida-gida, da yadda ake tsare bayanai. Tambayoyin fannin haihuwa kuwa suna nan jibge ba mai taɓawa. Allurar oksitosin, mai sa mahaifa ta matse ta tsai da jini, tana son sanyin firji, digiri 2 zuwa 8. Wane ƙarfi ya rage mata a watan Afrilu a asibitin da wuta ke ɗaukewa? Kumburin zuciya bayan haihuwa, wanda likitocin Zariya suka danganta tun shekarun 1970 da wankan jego da kunun kanwa da kwanciya kan gadon wuta, yaya yake a Tibiri da Mayahi yau? Awa nawa ke ɓacewa tsakanin yanke shawarar aiki da sa wuƙa, kuma nawa daga ciki jiran izinin miji ne? Ko wannan ta ƙarshe kaɗai ta isa ta riƙe mutum shekara biyu.

To amma jami'a tana da tsaninta, kuma ba a hawansa da gudu. A ƙasashenmu masu aiki da Faransanci, hukumar CAMES ce ke tantance malaman jami'a. A Yamai aka kafa ta a 1968, hedkwatarta na Wagadugu. Ana shiga a matsayin asistan, wato ƙaramin malami. Sai an tara maƙalu da aka buga, da shaidar koyarwa da kula da kundin ɗalibai, kafin a nemi zama metir-asistan. Daga nan sai babbar katanga, gasar agiregasiyo, wadda a fannin likitanci duk shekara biyu ake yin ta, kowane karo a wata ƙasa. Alƙalai farfesoshi ne na wasu ƙasashe, ba su san ka ba, ba su san gidanku ba. Za su tona ayyukan da ka buga, su ba ka darasi ka shirya cikin ƙayyadadden lokaci ka gabatar a gabansu, su kuma gwada ka a aikace. Wanda ya faɗi, sai ya jira wata shekara biyu. Wanda ya tsallake, da saura kafin ya zama cikakken farfesa. Galibi furfura ta fara leƙowa kafin a kai can.

Abin da ba a cika faɗa wa matasa ba shi ne malamin jami'a a fannin haihuwa bai tsira daga kwanan asibiti ba. Shi ma yana shiga ɗakin aiki, yana zagayen gadaje da ɗalibai a bayansa, sannan da dare, lokacin da abokinsa na asibiti zalla ke kilinik yana samun na cefane, shi yana gaban kwamfuta yana gyara maƙalar da wata mujalla ta dawo masa da ita karo na biyu. Aiki uku ne a wuyan mutum guda. Kuɗin bincike kuma ba ya cikin albashi. Sai an rubuta an nema, kuma mafi yawan masu bayarwa daga waje suke. A nan akwai tarkon da ya kamata a sani tun wuri: a mayar da kai mai tara wa wasu bayanai, su tafi da su, sunanka ya fito a tsakiyar jerin marubuta ko ma a layin godiya. Tun kafin a ɗebi jinin mace ta farko ake zama a yi maganar wa ke da tambayar, wa zai riƙe bayanan, sunan wa zai zo farko.

Batun kuɗi gajere ne. Albashin malamin jami'a ya fi na likitan ma'aikatar lafiya tsari, kuma yana hawa da muƙami. Amma ƙwararren da ya yi suna ya kuma riƙe kilinik zai riga shi gina gida, wataƙila da shekaru masu yawa. Akwai kuma ƙungiyoyin agaji da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, da ke biyan abin da ya fi na biyun, suna kwashe mutane daga kowace hanya su zaunar da su a ofis. Wannan wata magana ce daban.

Harshe ya fi kuɗi muhimmanci ga mai son bincike, kuma a nan ɗan Maraɗi ya yi sa'ar da ɗan Yamai bai yi ba. Da Faransanci muka yi karatu, da shi CAMES ke jarraba mu, amma manyan mujallun fannin da Ingilishi ake rubuta su, haka ma takardun neman kuɗi. Katsina ba ta kai kilomita 100 daga nan ba, alhali Yamai ta haura 600. Kano da Zariya, masu tsofaffin asibitocin koyarwa, tafiyar yini ce. Matan da suke dubawa irin namu ne: harshe ɗaya, wankan jego ɗaya, kunyar haihuwar fari ɗaya. Matashin da ya dage ya iya Ingilishi har ya rubuta maƙala da shi, ya kuma ƙulla zumunci da takwarorinsa na tsallaken iyaka, ya samu abin da ba a saye. Rufe iyakar da aka yi daga 2023 zuwa farkon 2024 ya nuna zumuncin nan na iya katsewa ba shiri, amma intanet ba ta tsaya a Ɗan Isa ba.

Ga 'yan'uwa mata akwai ƙarin lissafi. A Maraɗi mata da yawa, da mazajensu, sun fi sakin jiki da likita mace, saboda haka ƙwararriya a asibiti ba za ta huta ba, kuma amfaninta a bayyane yake tun ranar farko. Sai dai shekarun DES da na tara maƙalu su ne daidai shekarun haihuwa da reno. Hanyar jami'a na neman tafiye-tafiye, taro a wata ƙasa, watannin shirin gasa. Hanyar asibiti na neman dare. Ko wacce aka ɗauka, sai da miji mai fahimta da wata uwa ko ƙanwa a gida. Amma tsangayar da duk malaman haihuwarta maza ne ta yi rashi, don ɗaliba na bukatar ta ga mace a gaban allo kafin ta yarda ita ma za ta iya.

Saura kujerar shugaban tsangaya, wadda wasu ke hange tun suna aji uku. Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne: kada kowa ya zaɓi jami'a saboda ita. Shugabancin tsangaya ba ƙololuwar bincike ba ne, wata sana'a ce daban da ke cin bincike da fiɗa duka. Ranar shugaban tsangaya a sabuwar makaranta irin tamu tana tafiya ne wajen neman malamin da zai zo daga Yamai ko wata ƙasa ya koyar da darasin wata uku cikin mako biyu, da rabon ɗalibai a asibitocin da gadajensu ba su kai yawan masu koyo ba, da sasanta yajin aikin ɗalibai kan kuɗin tallafi, da na malamai. Wanda ya tuna taƙaddamar 2019 tsakanin gwamnati da ƙungiyar malaman jami'a ta SNECS kan naɗa shugabannin jami'o'i maimakon zaɓensu ya san siyasa ba ta nisa da kujerun nan. Ɗalibi zai tare shi a bakin mota: "Malam, shekararmu ta zarce wata goma sha takwas, yaushe za a yi jarrabawa?" Amsar ba ta cikin littafin haihuwa.

Duk da haka ba kujerar banza ba ce. Mai ita ne ke da ta cewa kan ko likitan da zai fita daga Maraɗi ya karɓi haihuwa da hannunsa sau da yawa kafin a tura shi ƙauye, ko kuwa a takarda kawai ya gani. Shi zai iya dagewa a koya wa ɗalibai yadda ake yi wa tsohuwa bayanin aiki da Hausar da za ta gane, da yadda ake zaman bitar kowace mace da ta rasu ba tare da neman wanda za a ɗora wa laifi ba. Shugabancin tsangaya kamar dashen giginya ne, mai dasawa ba kasafai yake cin 'ya'yanta ba. Wanda ya dace da ita shi ne wanda ya riga ya yi suna a aikinsa, ba ya bukatar kujerar ta yi masa suna, kuma yana iya zama taron awa huɗu bai ɗaga murya ba.

To wa ya kamata ya bi wace? Idan kai ne wanda ke jin ransa ya dawo in ya shiga ɗakin aiki, rubutu kuma na gundurarka, kundinka ma da ƙyar ka gama shi, ka tsaya a asibiti ba tare da jin ka gaza ba. Gundumomi da dama har yanzu likitocin da aka ba ɗan horon fiɗa ne ke riƙe da aikin ciro jarirai, ƙwararre guda a can zai canja lissafin gunduma sukutum. Haka idan nauyin gida ya riga ya hau kanka, ƙanne na makaranta, tsofaffi na jira, shekarun asistan za su yi maka tsawo. Idan kuwa ke ce wadda bayan an fito daga aiki kike komawa kan rajista kina tambayar me ya sa matan wannan yanki suka fi zuwa da jijjiga a wannan watan, kuma ƙin amincewar mujalla ba ya hana ki barci fiye da dare ɗaya, jami'a ta fi dacewa da ke, kuma gara ki shiga da wuri. A nan hanyoyin ba daidai suke ba: malamin jami'a na iya ajiye alli ya koma asibiti zalla duk ranar da ya so, amma wanda ya shekara goma sha biyar a asibiti bai buga komai ba zai tarar tsanin CAMES daga ƙasa ake fara shi, tare da yaran da ya koya wa ɗinki.

Saboda haka wanda bai yanke shawara ba, abin da ya fi masa shi ne ya riƙe ƙofar jami'a a buɗe tun yana DES, kuma hakan ba ya bukatar kuɗin kowa. Rajistar ɗakin haihuwa ce jarinsa. A buɗe ta a gani: layin shekaru an rubuta "babba", layin awon jini fanko, lokacin isowa akwai, lokacin fara aiki babu, sakamakon jariri wani ya sa alama wani ya manta. Ya zauna da ungozomomi, don su ne masu alƙalamin, a yarda kan layuka goma da ba za a bari fanko ba ko da ƙarfe nawa ne, a nemi izinin shugaban asibiti da na kwamitin ɗa'ar bincike, a riƙa shigar da su kwamfuta duk ƙarshen mako ba tare da sunan kowa ba. Cikin shekara biyu yana da abin da zai rubuta maƙala biyu ko uku, ya kuma nemi farfesa guda, a Yamai ko Damagaram ko Kano, da zai karanta masa da jan biro. Idan a lokacin ya ga ƙirgar na ba shi daɗi, ya kai takardunsa tsangaya. Idan ya ga azaba ce, ya miƙa wa wani bayanan ya koma ɗakin aiki, asibitin kuma ya samu rajistar da za a iya dogara da ita.